Na kulle waya, na bar layi a buɗe

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, uwar adashi ce tun kafin a haife ni. A ƙarƙashin gadonta akwai wani akwatin ƙarfe irin na amaren da, a cikinsa akwai babban gwangwanin madara, a nan zubin matan unguwarmu yake kwana. Makullin akwatin kuwa a haɓar zaninta yake. Da shi take girki, da shi take barci, ko banɗaki za ta zaga sai ta shafa ta ji yana nan. Ina 'yar shekara 9 na taɓa kwance ƙullin tana gyangyaɗi, ba don in ɗauki komai ba, cikin akwatin kawai nake son gani. Marin da na sha ranar har yau ban manta zafinsa ba. Da ta huce ta jawo ni jikinta ta ce, "Kuɗinki in ya ɓata, kuka za ki yi ki share hawaye. Kuɗin mutane in ya ɓata, sunanki ne ya ɓata." Ta yi fiye da shekara 30 tana riƙon adashi, ko kwabo bai taɓa yin ciwon kai a hannunta ba.

An haife ni a cikin birnin Kano a 1987, aka yi mini aure a 2007. Cikin kayan da maigidana ya fara saya mini har da 'yar Nokia mai tocila da sabon layi. Wayoyi sun zo sun tafi, wasu sun faɗa ruwa, wasu yara sun fasa, amma layin nan ban taɓa canza shi ba. Da shi na buɗe asusun banki, da shi aka yi mini BVN, wato lambar da bankuna ke tantance mutum da ita, da shi na haɗa NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, lokacin da gwamnati ta matsa a ƙarshen 2020, shi ne lambar da duk wanda ya san ni yake da ita. Da Inna ta rasu a 2016, matan adashinta suka ce ba su yarda da kowa ba sai ni. Na karɓa da kuka da alfahari. A lokacin na riga na fara sarin atamfa da leshi a Kantin Kwari ina sayarwa daga gida, sai na mayar da adashin irin na zamani: na buɗe mana guruf a WhatsApp, kowa ta turo zubinta ta banki, in na ga alat in rubuta a littafi. Mu 20 ne, naira 20,000 duk wata, kwasa 400,000. Na ɗauka na fi Inna wayo. Ba akwati, ba gwangwani, ba tsoron ɓarawo ya hauro katanga.

Babbar wayar da nake riƙe da ita a 2021 na saye ta. Yaron shagon ne ya haɗa mini komai, shi ya buɗe mini imel, shi ya sa kalmar sirrin, ban tambaye shi mece ce ba, shi ma bai faɗa mini ba. Ya sa mini kulle na ɗan yatsa, ya ce, "Hajiya, wannan ko an sace ba mai iya buɗewa." Kwalin wayar kuwa yara na ba, suka yi mota da shi. Sai kuma wata ɗabi'a da na san ba ni kaɗai ce mai ita ba: katin ATM ɗina a bayan wayar nake sa shi, tsakanin waya da kwabarta, don kada in riƙa lalube a jaka. A farkon 2023 da na karɓo katin zaɓena, shi ma nan na cusa shi.

Kowa ya san halin da aka shiga a watannin farko na 2023. An canza takardun 200 da 500 da 1,000, tsofaffin an ce a mayar banki, sababbin kuma ba a ganin su. Mutum da kuɗinsa a asusu ya rasa na cefane. Mai kayan miya, mai adaidaita sahu, mai ƙosai, kowa ya koma tiransifa, ga sabis na banki kullum a wahale, ka tura kuɗi a cire maka, wanda ka tura wa bai gani ba sai bayan kwana biyu. Matar da ta yi kwasar watan Janairu tana shirin aurar da 'yarta kafin azumi, sai ta ce in riƙe mata kuɗinta a asusuna har kafinta ya gama gado da kujeru, don in suna hannunta cinye su za a yi. Ga zubin Fabrairu ya fara shigowa, mata 14 sun biya. Ga jarina, kusan 310,000. Gaba ɗaya abin da ke asusun bai kai miliyan ɗaya ba da kaɗan.

Ranar wata Juma'a ce, saura kwanaki kaɗan a yi zaɓen shugaban ƙasa. Na taso daga Kwari dab da magariba, ina cikin adaidaita sahu a bakin ƙofa, cunkoso ya tsayar da mu. Wata kwastoma ta turo tambaya a kan kuɗin leshi, na ciro waya ina yi mata saƙon murya. Ban ga ta inda ya ɓullo ba. Hannu kawai na ji ya fizge, da na ɗago na riƙo rigarsa sai na biyun ya nuna mini wuƙa, doguwa, ya ce, "Saki, Hajiya." Na saki. Yara ne, babban cikinsu bai wuce sa'an ɗana na fari da shekara biyar ba. Suka ratsa tsakanin motoci suka shige lungu. Matar da ke gefena tana ta salati, mai adaidaita ya ce in gode wa Allah da ba su yanke ni ba, don a makon nan ma an kai wani asibiti. Na gode wa Allah kuwa da gaske. Har gida ina kallon yatsuna ina ƙirga su.

Wannan daren shi ne abin da na fi son mai karatu ya tsaya a kansa, domin duk asarar da na yi a cikinsa aka yi ta, ina gida, ina da wayar maigidana a kusa, ina da hankalina. Da na shiga na faɗa masa, ya yi ta jajanta mini, ya kira lambar, a kashe. Bayan isha'i ya sake kira, sai ga ta tana shiga. Muka kalli juna da murna. Muka ce ƙila sun kasa buɗewa ne, ƙila za su nemi a ba su wani abu su dawo da ita. Har saƙo ya tura musu, yana haɗa su da Allah, yana cewa za a ba da tukwici. Ashe shigar da kiran yake yi alama ce ta cewa sun zare layin sun sa a wata waya. Kullen ɗan yatsan da nake taƙama da shi wayar kawai ya kulle. Layin kuwa ɗan ƙarfe ne da ake zarewa da tsinke, kuma ba shi da wani kulle a kansa.

Na tuna da katin ATM, ba zan yi ƙarya in ce na manta ba. Ina kwance na ce masa, "Abban yara, katina fa yana bayan wayar." Ya ce, "Sun san lambar sirrinki ne?" Na ce a'a. Ya ce to in kwantar da hankalina, gobe Asabar banki ba ya aiki, Litinin da sassafe sai mu je a toshe katin a yi walkam bak na layin gaba ɗaya. Na yi shiru. Abin da ban faɗa masa ba shi ne lambar sirrin tawa 1987 ce, shekarar haihuwata, kuma tana rubuce ɓaro-ɓaro a jikin katin zaɓen da ke manne da katin bankin. Zuciyata ta raya mini haka, na kore tunanin, na ce yaran da suke shaye-shaye ina suka ga wannan lissafi. Na yi addu'a na juya na yi barci. Ban san cewa layin kula da masu hulɗa na banki yana aiki dare da rana ba. Ban san akwai 'yar gajeriyar lamba da mutum zai danna a wayar kowa ya rufe asusunsa nan take ba. Shekara da shekaru ina hulɗa da banki, ban taɓa tambaya ba.

Da hantsin Asabar wata dattijuwa cikin 'yan adashinmu, ƙawar Inna ce, ta yi sallama. Ba ta iya karatu ba, jikarta ce take duba mata waya. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "'Yar nan, yaushe kika fara rubutu? Ke da kullum muryarki muke ji." Ta miƙo mini wayar. A guruf ɗin adashi, da sunana da hotona, an rubuta tun ƙarfe 10 na dare cewa asusuna ya samu matsalar sabis, duk wadda ba ta yi zubi ba ta tura ta wannan sabon asusun kafin Litinin. Har da "Allah ya bar zumunci" a ƙarshe. A wancan lokacin wa zai yi musun matsalar sabis? Cikin mata shida da suka rage, huɗu sun riga sun tura. Ita tsohuwar da ba ta yi boko ba ita ce ta ƙi, ta ce sai ta ji bakina.

Ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a ƙasa a tsakar gida. Maigidana ya kira ƙanina wanda ya yi karatun kwamfuta, ya zo a kan babur cikin minti 20. Shi ya nemo lambar rufe asusu ya danna a wayarsa, shi ya kira kamfanin layi aka dakatar da layin, shi ya sa na yi saƙon murya da wayar maigidana aka yi ta turawa dangi da kwastomomi. Duk abin bai ɗauke shi rabin awa ba. Da ya gama ya dube ni ya ce, "Yaya, me ya sa ba ku kira ni jiya ba?" Ba ni da amsa. Kafin saƙona ya zagaya, yayanmu da ke Legas ya riga ya tura 50,000, don an rubuta masa cewa ɗana yana asibiti.

Litinin na yi sammako zuwa banki. Mutane sun fi ɗari a bakin ƙofa, kowa na neman sabon kuɗi, masu gadi sun rufe. Sai bayan azahar na samu shiga. Da aka buga mini takardar bayanan asusu, na ga daren Juma'ar nan a jere, layi bayan layi, da lokacin kowanne. Ƙarfe 8:41 sun sayi katin waya na 1,000, gwaji ke nan. Daga nan sai cire-cire a wurin masu POS. Daga nan suka sauke manhajar bankin a tasu wayar, suka yi rajista da lambobin katina, bankin ya turo lambar tabbatarwa ta OTP zuwa layina, layin kuma yana hannunsu. A wurin banki, duk wanda lambar nan ta je wa ni ce. Kafin asuba sun rarraba kuɗin zuwa asusu uku. Abin da suka bar mini naira 1,260. Na lissafa, lokacin da muke tura musu saƙon magiya da alkawarin tukwici, sun riga sun ci fiye da 200,000.

Ma'aikaciyar ta yi mini magana da mutunci, ta ba ni fom na cike, ta ce za a bi sawu. Amma ta faɗa mini gaskiya cewa tunda da katina da lambar sirrina da layina aka yi komai, kada in sa rai da yawa, kuma irin waɗannan asusun da ake tura wa kuɗin sata ba sa kwana da ko sisi. Wurin 'yan sanda aka tambaye ni lambar IMEI, wato lamba 15 da kowace waya take da tata, wadda ake bin sawun waya da ita. Tana jikin kwali, kwalin da yarana suka yi mota da shi. Ƙanina ya ce da na san imel ɗina da kalmar sirrinsa, da an iya duba inda wayar take ko a goge abin da ke cikinta daga nesa. Na koma kasuwar da na sayi wayar, yaron ya daɗe da barin shagon. Sai da na yi takardar rantsuwa a kotu, na kai NIN, na faɗi lambobin da na fi kira, sannan aka ba ni layina. Da na sa shi zan koma WhatsApp, sai ya nemi wata lambar sirri mai guda shida wadda ban taɓa sawa ba. Su suka sa. Matakin tsaron da ya kamata in kunna tun tuni, ɓarayin ne suka kunna shi a kaina. An fitar da su daga ciki, amma ni ma sai da na jira kwana bakwai kafin in shiga.

Abin da ya fi komai nauyi shi ne zuwa gidan uwar amarya. Na yi kwana biyu ina ɗaga mayafi ina ajiyewa. Da na je na tarar an baza samfurin labule a tsakar ɗaki ana zaɓe. Na faɗa mata. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, da ma ta yi hakan da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Saura kwana 19 ɗaurin aure." Ta ci gaba da ninke labulen. Kafin in iso gida magana ta riga ni. Wasu suka ce ƙaddara ce, wasu suka ce a wannan marra da kowa ke neman kuɗi ido rufe wa ya sani, wata ma cewa ta yi ai an ga na yi wa yarana sababbin ɗinkuna. Waɗanda suka ci tuwo a ɗakin Inna, waɗanda suka yi mini wankan jego, su ne na ji ana ambata a cikin masu wannan zance. Na daina zuwa Islamiyya. Na daina leƙa ƙofar gida. In aka yi sallama sai gabana ya faɗi.

Maigidana ya kai ni wurin wani malami da muke girmamawa, don a san hukuncin abin. Malam ya saurara har na gama, sannan ya ce a shari'a wanda aka ba ajiya, in ta salwanta ba tare da sakacinsa ba, babu biya a kansa, domin amintacce ne. Amma in ya yi sakaci wajen tsare ta, to ya lamunta. Na ga fuskar maigidana ta saki, yana ganin an samu mafita, ai da wuƙa aka ƙwace. Sai Malam ya juyo ya ce, "Malama, ke kika san yadda kika adana. Kin tsare ta yadda ake tsare irinta?" Ɗakin ya yi tsit. Zan iya cewa e, ba wanda zai ƙaryata ni, don har ranar ba wanda ya san zancen 1987 sai ni da ɓarayin. Na tuna haɓar zanin Inna. Na buɗe baki na faɗi komai, katin da ke bayan waya, katin zaɓe, lambar sirri, da tunanin da ya zo mini cikin dare na kore shi. Maigidana bai ce uffan ba har muka iso gida. Sai da dare ya ce, "Da kin faɗa mini a daren, da ban ce ki kwanta ba." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi.

Washegari na fitar da sarƙa da 'yan kunnen gwal na lefena, waɗanda na ce 'yata zan ajiye wa, na kai kasuwa. Da su da abin da maigidana ya ranto wurin ɗan'uwansa aka haɗa 400,000 aka kai wa uwar amarya, saura kwana 11 biki. Ragowar kuma sai da na sayar da filin da na gada daga mahaifinmu a bayan gari. Dillalai sun san a matse nake, ga rashin kuɗi a gari, aka saye shi a wulaƙance. Na biya mata 14 zubinsu. Mata huɗun da suka tura wa ɓarayi da hannunsu, ƙanina ya ce ba dole ba ne in biya su, ai ba asusuna suka tura ba. Na ce da sunana aka roƙe su, da hotona, don sun yarda da ni suka tura. Na biya su. Yayanmu na Legas ne kaɗai ya rantse ba zai karɓa ba.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ana gab da fara azumi, wajen 20 ga Maris, aka fara kirana da baƙin lambobi, ana magana da Turanci cikin tsawa, wai na ci bashi a wasu manhajojin ba da rance guda biyu, 45,000 da 30,000, kuma kuɗin ruwa ya hau. Na ce ban san zancen ba, suka ce BVN ɗina ne, lambata ce, katina ne. A nan ƙanina ya nuna mini abin da ya sa jikina ya yi sanyi: ya karɓi wayata ya danna *565*0#, sai ga BVN ɗina ya fito a fuskar waya. Duk wanda ya riƙe layinka zai iya yin haka. Kwana uku bayan nan saƙo ya fara shiga wayoyin mutane, cewa wance 'yar damfara ce, ta ci bashi ta gudu, duk wanda ya san ta ya gaya mata ta biya. Waɗannan manhajoji in za a sauke su sai sun nemi izinin shiga lambobin da ke cikin waya, ɓarayin kuma suka ba su. Lambobin da ke ajiye a kan layina tun zamanin Nokia su aka kwasa: surukina, malamar Islamiyyarmu, ƙawayen Inna, har da ungozomar da ta karɓi haihuwata ta fari.

Surukina dattijo ne mai kunya, bai taɓa yi mini maganar da ta wuce gaisuwa ba. Ya kira ɗansa ya ce, "Ashe har bashin ruwa ake ci a gidanka?" A cikin azumi. Wannan kalma ta fi asarar filin ciwo. Na ɗauki rahoton 'yan sanda da takardar kotu da ta banki na je na durƙusa a gabansa, ƙanin maigidana yana karanta masa kwanan wata, yana nuna masa cewa ranar da aka ci bashin layin ba ya hannuna. Ya daɗe yana kallon takardun, sannan ya ce, "Allah ya saka miki, 'yata." Masu bashin kuwa ban biya su ko kwabo ba. Ƙanina ya tura musu takardun, ya kuma shigar da ƙorafi a hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda tun 2022 take fafatawa da irin waɗannan kamfanoni. Kiran ya ja baya a hankali har ya tsaya. Daga baya na ji cewa daga ƙarshen Mayun shekarar Google ya hana manhajojin rance shiga lambobi da hotunan mutane, a watan Yuni kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa. A Mayun nan dai gwamnatin Kano ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Na ji daɗin duk wannan, amma saƙon da ya shiga wayar malamata ba wata doka da za ta goge shi daga ranta.

Na yi wata huɗu ba na sana'a. Na rame har mutane suna tambaya ko ciwo nake. Ko ƙarar shigowar saƙo na ji a wayar wani sai cikina ya juya. Na ce ni da babbar waya har abada. Ƙanina ne ya zaunar da ni wata ranar Lahadi, ya ce, "Yaya, kwastomominki suna cikin wayar nan, ba za ki bar abincinki saboda tsoro ba. Zauna in nuna miki." Abin da ya fara yi shi ne sa wa layin kansa lambar sirri, ta yadda in aka zare shi aka sa a wata waya ba zai yi aiki ba sai an danna ta. In aka yi kuskure sau uku ya kulle, sai da lambar PUK da ke jikin katin da layin ya zo da shi. Abin bai kai minti biyu ba. Na tambaye shi tun yaushe ake da wannan, ya ce tun ina riƙe da Nokia. Na fita tsakar gida na yi kuka mai isata, don minti biyun nan su ne filin mahaifina.

Yanzu waya biyu gare ni. Layin banki yana cikin 'yar ƙaramar waya mai maɓalli, a kulle a durowa, ba ta fita ko'ina. Babbar wayar da nake yawo da ita wani layi ne a ciki, wanda bai san hanyar asusuna ba. Katin ATM yana cikin jaka, a wani aljihu dabam, lambar sirrinsa ba ta da alaƙa da haihuwar kowa a gidanmu. Imel ɗina ni na buɗe da hannuna. A bangon littafin adashi na rubuta lambar rufe asusu, da ta kamfanin layi, da IMEI ɗin wayar, wadda na samu ta hanyar danna *#06#, kuma maigidana da babban ɗana sun san inda littafin yake. Ranar da muka bi manhajojin da ke sabuwar wayar ɗaya bayan ɗaya, mun tarar da wata ta tocila da wata ta gyaran hoto da yara suka sauke, duk an ba su izinin shiga lambobi da makirfo. Me tocila za ta yi da lambar surukina? Muka goge su. In na je wurin da ake da intanet na kyauta, ba na buɗe komai na kuɗi a kai. Wata rana wani ya kira ni da Hausa mai daɗi, ya ce daga banki ne, ya faɗi cikakken sunana da ranar haihuwata, ya ce in karanto masa lambar da za ta shigo yanzu don a sabunta mini asusu. Na ce masa Allah ya shirye shi, na kashe. Bayanan nawa suna can suna yawo a hannun da ban sani ba, BVN kuma ba a canza shi kamar kati.

Adashin ya watse bayan abin da ya faru, duk da kowa ta karɓi haƙƙinta cif. A farkon 2024 tsohuwar nan ƙawar Inna ta zo ta ce in sake buɗewa, ita ce ta farko. Mu 9 ne yanzu. Mun yi ƙa'ida cewa ba a canza asusun zubi ta rubutu, ko da daga lambata saƙon ya fito, sai an ji muryata an kuma kira ni an tabbatar. Uwar amarya ba ta dawo ba. Muna gaisawa a wurin biki da suna, ta tambayi yara in tambayi jikarta, iyakarta ke nan, kuma ban ga laifinta ba. Ita kuwa tsohuwar har yau ba ta yarda da tiransifa ba. Ranar 1 ga wata take zuwa da kanta, ta zauna a kan tabarma, ta kwance haɓar zani ta ƙirgo mini 20,000, ta tsaya sai ta ga na rubuta a littafi, sannan ta ce a kawo mata ruwa.